Ɗaukewar Totur Lokaci-Lokaci a Motocin Zamani: Hanyar Gano Musabbabinta a Garejojin Tudun Wadar Zariya

Tsakure

Daga cikin matsalolin da suka fi wahalar da direba da bakanike a yau akwai ta motar da za a taka mata totur ta ƙi amsawa na ɗan lokaci, sannan ta dawo garau kamar ba abin da ya faru. Wannan takarda ta dubi matsalar a motocin da ke da totur na lantarki, tare da la'akari da yadda ake tunkararta a garejojin Tudun Wadar Zariya. An bayyana yadda na'urar ke aiki, da dalilin da ke sa kwamfutar mota ta janye ƙarfin injin da gangan, da abin da yanayin Zariya da irin motocin da muke saye ke ƙarawa a kan haka. Matsayar takardar ita ce, canza kaya bisa zato ba ya magance laifin da ke zuwa yana tafiya. Abin da ke magance shi shi ne kiyaye shaidar da motar ta ajiye, da aunawa kafin a kwance komai. An kawo matakai bakwai na bincike, aka kuma ba da shawarwari ga masu gyara, da masu motoci, da cibiyoyin koyar da fasaha da ke Zariya.

1.0 Gabatarwa

Tudun Wada tana tsakanin birnin Zazzau da Sabon Gari. Wanda ya fito daga Ƙofar Doka ya nufi PZ galibi ta nan yake ratsawa, haka ma'aikata da ɗaliban Kongo, da mazauna Gyallesu, da direbobin haya. Wannan zirga-zirga ce ta sa garejoji da shagunan kayan gyara suka yawaita a yankin. Mafi yawan motocin da ake kawowa waɗannan garejoji na hannu ne, waɗanda suka gama wani zango na rayuwarsu a Amurka ko Turai kafin su iso mana.

Koken da takardar ta tsaya a kansa sananne ne ga duk mai zama a gareji. Direba zai zo ya ce: "Maigida, ina cikin tafiya sai totur ya ɗauke. Na taka har ƙasa, shiru. Da na faka na kashe na sake tayarwa, sai ta dawo daidai." Bakanike zai hau motar ya zagaya da ita, ba zai ga komai ba. Daga nan sai a shiga lalube: yau a canza fulogi, gobe a wanke nozul, jibi a sa sabon famfon mai. Idan abin ya dawo a sayo wani totur na Beljiyam, in ya sake dawowa a yanke hukuncin cewa kwamfutar motar ce ta lalace. Mai mota ya kashe kuɗi masu yawa, amana tsakaninsa da bakanikensa ta yi rauni, laifin kuma yana nan.

Asarar kuɗi ce ƙaramar illa. Motar da totur ɗinta ya ɗauke a daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Kano, ko yana tsakiyar shataletalen Agoro, ta jefa rayuka cikin haɗari. Wannan ne ya sa batun ya cancanci a yi nazarinsa. Takardar ta taƙaita ne a kan ƙananan motoci masu amfani da fetur, ta kuma dogara da ƙa'idojin gyara na kamfanonin da ke ƙera motocin da abin da ake gani yau da kullum a garejojinmu.

2.0 Daga totur na waya zuwa totur na lantarki

Manyan bakanikenmu da yawa sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504 da 505, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya cika ƙasar nan da su, sannan daga baya a kan irin su Golf 3. A waɗannan motoci wayar ƙarfe ce ke haɗa ƙafar direba da murfin da ke buɗe wa injin iska. In totur ya ƙi aiki, ko dai wayar ta tsinke, ko ta saki, ko ta maƙale. Ido da hannu sun isa su gano laifin.

Kamfanin BMW ya fito da totur na lantarki a manyan motocinsa tun wajajen 1988, amma sai a farkon shekarun 2000 tsarin ya game motocin talakawa. Toyota Camry ta koma kansa daga ƙirar 2002, Corolla ta kasuwar Amurka ta biyo baya a 2005, Honda Accord mai silinda shida ta same shi a 2003, mai silinda huɗu kuma a 2006. Waɗannan su ne motocin da suka cika titunan Zariya a yanzu.

Tsarin yana da sassa uku. Na farko totur ɗin kansa, wanda ke ɗauke da sensa biyu masu auna yadda aka taka shi. Na biyu kwamfutar injin, wadda ke aika wa kowace sensa wuta bolt 5, ta kuma karɓi amsar da ta dawo. Na uku maƙogwaron injin, wanda bakanike ke kira bakin injekta: a cikinsa akwai ƙaramar mota ta lantarki mai juya murfin iska, da wasu sensa biyu da ke sanar da kwamfuta iya inda murfin ya buɗe. Ke nan ƙafar direba ba ta buɗe komai da kanta. Buƙata kawai take miƙawa, kwamfuta ce ke yanke shawarar biya ko hanawa.

An tsara sensa biyun totur ta yadda ba za su ba da amsa iri ɗaya ba, amma akwai ƙayyadadden tsakani da dole su kiyaye. A motocin Toyota da dama, ta farko tana ba da tsakanin bolt 0.5 da 1.1 idan ba a taka ba, ta biyu kuma tsakanin 1.2 da 2.0, su hau tare yayin da ƙafa ke sauka. A wasu kamfanonin kuma ta biyu rabin ta farko take bayarwa a kowane matsayi. Ya kamata a lura cewa a Accord mai silinda shida da ake kira EOD, sensar ba a ƙarƙashin ƙafa take ba: waya ce ke fitowa daga totur zuwa wani ɗan akwati a cikin bonet. Ganin wannan waya yakan sa a ɗauka motar mai tsohon tsari ce, alhali ta lantarki ce.

3.0 Dalilin da ke sa kwamfuta ta janye ƙarfin injin

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, sau da yawa ɗaukewar totur hukunci ne da kwamfuta ta yanke don kare rai. Misalinta kamar alƙali ne da aka kawo masa shaidu biyu: muddin maganarsu ta dace zai zartar, amma da zarar sun saɓa ba zai zaɓi ɗaya bisa son rai ba, sai ya dakatar da shari'ar. Idan sensa ɗaya ta ce an taka totur rabi, ɗayar ta ce ba a taka ba, kwamfuta ba ta da hanyar sanin mai gaskiya. Buɗe wuta bisa kuskure ya fi hanawa haɗari, don haka sai ta taƙaita ƙarfin injin, ko ta yanke wa motar maƙogwaro wuta gaba ɗaya, sifirin ya mayar da murfin wani matsayi mai ɗan buɗewa kaɗan wanda zai ba direba damar lallaɓawa zuwa gefen titi. Wannan shi ne yanayin ɗingishi.

Saɓanin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya isa ya jefa mota cikin wannan yanayi, kuma a motoci da yawa ba ta fita daga cikinsa sai an kashe an sake tayarwa. Wannan ne sirrin abin da direbobi ke faɗa cewa kashewa da kunnawa na gyara motar. Ba abin da ya gyaru. Kwamfuta ce ta sake gwada sensa, ta tarar sun daidaita a wannan lokacin, ta sake amincewa da su har zuwa saɓani na gaba.

Cewa irin wannan laifi na iya ɓuya ko ga manyan masana, tarihi ya nuna. Bayan da Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda tabarmar ƙafa da ke danne totur da kuma totur mai maƙalewa, gwamnatin Amurka ta sa injiniyoyin hukumar NASA su binciki tsarin lantarkin. Rahoton da aka fitar a watan Fabrairun 2011 bai sami laifin lantarki da ke sa mota ta kwasa da gudu da kanta ba. Sai dai a cikin sensar wani totur da ya lalace an tarar da wasu siraran zaruruwa na kuza, waɗanda suka fi gashi siranta, sun tsiro har sun haɗa hanyoyin sensa biyun, kuma halin motar yana canzawa gwargwadon yadda aka taka totur ɗin, da sauri ko a hankali. Darasin da ke nan gare mu shi ne, abin da ido ba ya gani yana iya zama sanadi, kuma yadda direba ya taka ƙafarsa bayani ne mai amfani ga mai bincike.

Bayan wannan dambarwa ne kamfanoni da yawa suka yawaita sa tsarin fifita birki: idan kwamfuta ta ga an taka birki da totur tare mota na tafiya, sai ta bi birki ta yi watsi da totur. Saboda haka makunnin fitilar birki da ya lalace, ko direban mota mai giya otomatik da ya saba ɗora ƙafar hagu a kan birki, kowannensu na iya kashe totur lafiyayye.

4.0 Abin da muhallinmu ke ƙarawa

Kamfanoni sun ƙera waɗannan na'urori da ƙarko. Abin da ya fi cin su a wurinmu shi ne hanyoyin da wuta ke bi, wato soket da waya da batir.

4.1 Ƙura da zafi da ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Idan matatar iska ta yage, ko an yi ta bushe ta da iska ana mayarwa har ta huje, ƙura na haɗuwa da tururin baƙin mai ta daskare a bakin murfin iska. Motar maƙogwaro sai ta riƙa kokawa kafin ta juya shi, kwamfuta ta ga murfin bai isa inda ta umarta a kan lokaci ba. Zafin bazara na Maris da Afrilu kuma yana sassauta haƙoran soket, yana busar da robar waya har ta tsage. Da damina ta sauka, ruwan da mota ke ratsawa a lunguna da wanda ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya mota da ya toshe suna jiƙa kafet, danshi ya hau soket ɗin totur ya bar masa koren tsatsa. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi a wuraren wankin mota yana yin irin wannan ɓarna cikin 'yan mintoci.

4.2 Tarihin motar kafin ta iso. Wani kaso na motocin da ake shigowa da su daga Amurka ana sayensu ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, kowacce ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa. Motar da ta sha ruwa tana iya yin kyau a ido, amma tsatsa na cin wayoyinta a hankali, sai bayan watanni laifuffuka masu zuwa su tafi su fara bayyana. Laka a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙarafan kujera alamu ne da ya kamata a duba.

4.3 Batir da caji. Kan batir da aka dafe da ƙusa ko guntun ƙarfe don ya kama, da wayar nagatif da aka manta ba a ɗaure ta da jikin injin ba bayan an sauke giya, da altaneta mai rauni, duk suna sa wuta ta riƙa faɗuwa tana tashi. Tsohuwar mota mai kafireto ba ta damu da wannan ba. Mota mai kwamfuta kuwa tana auna bambancin da bai kai rabin bolt ba.

4.4 Wayoyin da aka datsa. Na'urar bin sawun mota, da ƙararrawar ɓarayi, da rediyo mai allo, duk ana jona su ne a jikin wayoyin asali, sau da yawa da murɗawa da salatif kawai. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu mayar da motocinsu kan iskar gas sun ƙaru, kuma wasu kayan wannan aiki suna ɗaukar sigina ne daga wayar sensar totur ko ta maƙogwaro. In an yi jonin da kyau ba matsala. In an yi shi da gaggawa, laifin zai fito ne a kan gargada. A haɗa da ɓeraye, waɗanda ke samun mafaka a cikin bonet ɗin motar da ta kwana biyu a ajiye.

4.5 Mai. Famfon mai da ya gaji yakan yanke in ya yi zafi, musamman ga mai yawo da tanki kusan a bushe, domin man da ke cikin tanki ne ke sanyaya shi. Man da aka saya a galan a hannun 'yan bumburutu yana iya zuwa da ruwa ko datti. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol. Matsalar mai ba ta totur ba ce, amma a bakin direba sunansu ɗaya: mota ba ta amsa wuta.

5.0 Matakan bincike

Mataki na ɗaya: sauraron direba. Tun da laifin ba ya tsayawa a gan shi, wanda ya gan shi ne shaidar farko. A tambaye shi: injin na da sanyi ne ko ya yi zafi? A kan gargada ne ko a shimfiɗaɗɗen titi? Bayan ruwan sama ko wankin mota? Wace fitila ce ta kama a dashbod? Wane aiki aka yi wa motar kafin abin ya fara? Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce halin allurar da ke nuna juyin injin. Idan an taka totur allurar ba ta motsa ba, injin kuma yana silo lafiya, hankali ya koma kan tsarin totur na lantarki ko makunnin birki. Idan injin yana shaƙewa yana kakkarwa, a nemi mai ko wutar fulogi ko iska. Idan allurar ta tashi amma mota ba ta ja ba, matsalar giya ce ko kuloci. Idan ƙarfi na raguwa sannu a hankali yayin da injin ke ƙara zafi, musamman a hawa, a duba ko indomin salansa ya toshe. Idan fitilar santsi ce ke ƙyaftawa, wataƙila sensar taya ce ko tayoyi masu bambancin girma ke sa kwamfuta ta rage wuta. Wannan tambaya ɗaya tana raba hanya tun kafin a buɗe bonet.

Mataki na biyu: kada a cire kan batir, kada a goge komai. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Kowace irin wannan mota tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lokacin da laifi ya faru, kwamfuta na ajiye lambarsa, ta kuma ajiye hoton halin da injin ke ciki a wannan daƙiƙa: gudun mota, juyin injin, zafin ruwa, da sauransu. Al'adar cire kan batir don fitilar cek ta mutu tana shafe wannan hoto a motoci da yawa. A sa sikana, a rubuta duk lambobin a takarda, har da waɗanda ke jiran tabbaci ba su kai ga kunna fitila ba, sannan a duba na kwamfutar birki da ta giya.

Mataki na uku: fassara lamba da hankali. P2122 da P2123 suna nuna siginar sensar totur ta farko ta yi ƙasa ko sama fiye da kima, P2127 da P2128 na ta biyu ne, P2138 kuma saɓani ne tsakaninsu. P2135 saɓani ne tsakanin sensa biyun maƙogwaro. P2111 da P2112 suna cewa murfi ya maƙale a buɗe ko a rufe, P2118 na wutar motar maƙogwaro ne. P0504 na makunnin birki ne, P0562 na ƙarancin wuta, P0641 da P0651 kuma na layin bolt 5. Lamba tana nuna layin da aka ga matsala ne, ba ta cewa a sayo sabon kaya. P2138 na iya fitowa daga totur, ko soket, ko waya, ko jonin da wani ya yi. Idan lambobi da yawa na sensa daban-daban suka fito tare, a tuhumi abin da suka yi tarayya a kai. A wasu motoci sensa da dama ke shan layin bolt 5 guda, ta yadda in ɗaya ta yi shot sai ta ja sauran ƙasa.

Mataki na huɗu: tabbatar da wuta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 mota na kashe, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin tayarwa, kuma ya kasance tsakanin 13.5 da 14.5 injin na aiki. A ɗora mita tsakanin nagatif ɗin batir da jikin injin, a kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, a ga ko wuta na ɓacewa a hanya. A duba fis da rile na maƙogwaro. Wannan aikin minti goma ne, kuma yana hana sayen kwamfutar da ba ta yi laifi ba.

Mataki na biyar: kallon sensa suna aiki. A buɗe makulli ba tare da tayar da injin ba, a fito da siginar sensa biyun totur a allon sikana, a taka a hankali daga sama har ƙasa sau da yawa, sannan a taka da sauri. Layukan biyu su hau su sauka tare ba tsalle ba yankewa. A kalli alamar birki a allon: tana cewa an taka alhali ƙafa ba ta kai? Ya kamata a sani cewa ƙananan sikana masu araha suna da jinkiri, yankewar ƙiftawar ido na iya wuce su. Inda ake da na'urar da ke zana siginar lantarki kai tsaye, ita ce ta fi dacewa.

Mataki na shida: tsokano laifin. Yaro ɗaya ya zuba ido a allo, wani ya riƙa girgiza soket da damin wayoyi gaɓa-gaɓa, daga totur zuwa bangon injin, zuwa kwamfuta, zuwa maƙogwaro. A ɗan ƙwanƙwasa jikin sensa. In direba ya ce sai mota ta yi zafi, a bar ta ta yi zafi a sake gwadawa; in ya ce sai a gargada, a fita da ita hanyar da ba cunkoso, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da sikana. A nan akwai gargaɗi ga rewaya: huda waya da allura yana buɗe wa ruwa ƙofa, kuma gwada layin bolt 5 da ƙwan fitila na iya lalata kwamfuta. A auna ta bayan soket da mita.

Mataki na bakwai: gyara da tabbatarwa. In soket ne, a wanke shi da maganin wanke lantarki, a matse haƙoransa ko a canza shi. In waya ce, a yi mata dalma a rufe da robar da ke kamewa da zafi. In maƙogwaro ne ya yi datti, a cire makulli kafin a sa hannu domin murfin na iya datse yatsa, a goge da tsumma, kada a tura magani cikin ɗakin motarsa. Motoci da yawa, irin su Nissan da Volkswagen, suna buƙatar a sake koya wa kwamfuta matsayin murfi bayan wanki ko canji. Sai an kai nan ne ake goge lambobi, a gwada motar a irin yanayin da laifin ke fitowa, a sake sa sikana. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, bayan an wanke duk sauran.

6.0 Shawarwari

Ga masu gareji: sikana da mita sun zama kayan aiki kamar sifana. Inda mutum ɗaya ba zai iya sayen mai kyau ba, reshen ƙungiyar bakanike ta NATA na iya saye a yi tarayya. A kuma riƙa ajiye littafi na lambar da aka gani, da abin da aka auna, da abin da ya magance, domin yaran gareji su gaji ilimi a rubuce. Bakanike da rewaya su daina jefa wa juna mota. Wannan laifi yana tsakanin sana'o'insu biyu ne.

Ga masu motoci: a yarda a biya kuɗin bincike. Muddin ba a biyan bakanike sai ya canza wani abu, to zai canza wani abu. Idan totur ya ɗauke a hanya, a kunna fitilun haɗari, a gangara gefe, a ɗauki hoton dashbod da waya kafin a kashe injin, kuma kada a yi doguwar tafiya da motar sai an gano dalili.

Ga cibiyoyi: ƙalilan ne garuruwan da suka kai Zariya arzikin makarantun fasaha. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, da aka kafa a 1986, da tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kuma hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, wadda ke da cibiya a garin. Tsakanin waɗannan wurare da garejojin Tudun Wada tafiyar 'yan mintoci ce. Ana buƙatar gajerun kwasa-kwasai na yamma ko na ƙarshen mako, a koyar da su da Hausa, a kan ainihin motocin da ke titunanmu. Ana kuma buƙatar ɗan littafi da zai fassara lambobin laifi da matakan aunawa zuwa Hausa. Garin da Kamfanin Gaskiya ya yi shekaru yana buga littattafan Hausa bai kamata ya rasa wannan ba. Ɗalibai masu neman batun bincike kuma suna da fili a buɗe: tattara bayanan laifuffukan da ake samu a garejoji, a ga wanne ya fi yawa, a wace mota, a wane lokaci na shekara.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa a motar zamani totur buƙata yake miƙawa, kwamfuta ke zartarwa, kuma tana janye ƙarfin injin ne idan ta daina amincewa da abin da ake gaya mata. Aikin mai gyara shi ne gano abin da ya jawo wannan rashin amincewa, wanda a muhallinmu ya fi karkata ga soket, da waya, da batir, da datti, fiye da kayan tsada da ake gaggawar canzawa. Bakaniken Tudun Wada yana da kunne da hannu da haƙurin da shekaru suka ba shi. Abin da ya rage a haɗa masa shi ne na'urar aunawa, da tsarin bi mataki-mataki, da ilimi cikin harshen da yake aiki da shi. Samar da waɗannan nauyi ne a kan ƙungiyoyin sana'a da makarantun da ke garin nan, kuma ribarsa ita ce kuɗin jama'a da za a tsare da rayukan da za a kuɓutar a kan hanya.